Kalmar Sirrin Hajiya Turai

Bolori, Maiduguri
3 ga Afrilu

Zuwa ga ɗana Taufiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kana kuma yin sallarka a kan lokaci, ba sai ka rufe shago ba. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ta hagu ta ɗan sassauta. Zafi ya shigo da ƙarfinsa, ruwan randa ma da ɗumi muke shan sa. Ƙanwarka Muhsinat jikinta lafiya ƙalau, zuciyarta ce sai a hankali, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Ka san bangon da ya raba sashenmu da na Gwaggonka Mu'mina tun da aka raba gidan kakanku. Bulo ɗaya ne, ko tari na yi sai ta ce mini sannu. Maganar nan ba ta kunnenta ba ce, ba kuma ta Muhsinat ba ce, wadda ita ke buɗe mini saƙonnin waya. Don haka na ba Umara direba wannan takarda, kai ma ta hannunsa za ka ba ni amsa.

Ka san shekara biyu ke nan Muhsinat tana amfani da waifai ɗin Gwaggonka. Ita da kanta ta ba ta kalmar sirri, ta ce 'yar marigayi yayanta ba ta roƙo. Ka kuma san wata takwas yarinyar nan ta yi tana shirin ganawa da mutanen gidauniyar da ke ɗaukar nauyin karatun jinya. Sun sa mata Talatar da ta wuce, ƙarfe goma na safe, ta bidiyo. Ta yi wanka, ta sa hijabinta mai ruwan toka, ta jera takardunta a tabarma. Goma saura kwata ta buɗe kwamfuta, waifai ya ce bai san ta ba. Sau bakwai ta rubuta kalmar. Ta ruga sashen Gwaggonka, aka ce ta tafi kasuwa. Muka koma kan datar waya, kai kuwa ka san sabis ɗin ɗakinmu: hoto ya tsaya, murya ta yanke, ya dawo, ya sake tsayawa. A ƙarshe mutanen suka ce akwai masu jira, ta sake nema baɗi. Ta naɗe takardunta ta sa a jaka, ba ta yi kuka a gabana ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Dalili kuwa ban jahilce shi ba. Ranar Asabar a wajen wani suna na yi wa 'yarta Jannatu faɗa kan bidiyon rawa da take sawa duniya na gani. A gaban mata na yi, ban kuma yi nadama ba. Yarinyar da aka sa wa rana ba ta girgiza jiki a waya. Idan uwarta ta ji haushi, ai ni na yi maganar, da ni ya kamata ta yi. Sai ta tsallake ni ta sauke a kan marainiya.

Da Gwaggonka ta dawo daga kasuwa na tare ta, ta ce wai na'ura ce ta rikice da kanta. Na'ura ta rikice, amma wayar Jannatu tana ta kiɗa a bayan bango har la'asar.

Taufiq, ba na son kyautarta, ba na son haƙurin da za ta aiko wani ya ba ni. Abu ɗaya nake so: ta faɗa da bakinta cewa ta zalunci yarinyar nan. Kafin wannan rana ta zo, ba za mu ƙara jingina da abinta ba. Kai ke sayar da kayan waya a Kano, to ka zaɓo mini rauta, na'urar nan mai ba da waifai. Kada ka duba tsada. Ina son wadda ta fi tata ƙarfi nesa ba kusa ba, wadda za ta ratsa bangon nan ta shiga har uwar ɗakinta, ta riƙa ganin sunanmu a wayarta da sanduna cike, ba ta da ikon shiga.

Ka kiyaye abokan banza. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Hajiya Turai


Kano
7 ga Afrilu

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki daga hannun Umara, na ji daɗin labarin gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya, sai ɗan mura da ya wuce. Abin da ya samu Muhsinat ya tsaya mini a rai, na kasa cin abincin rana. Ki ce mata baɗi ba nisa, ni zan tsaya mata.

Maganar rauta, Inna, ba a zaɓar ta da ido kamar atamfa, sai an san gidan da za ta zauna. Ta Gwaggo 'yar aljihu ce, irin mai kama da sabulu. Waya goma take ɗauka, batirinta kuma ba ya shiri da zafin Maiduguri. Wadda ta dace da mu ita ce ta zaman gida, mai eriya, wadda ake sa wa sim. Amma kafin in saya ina roƙon ki bincika mini abu uku.

Na farko, wane layi ne ya fi kamawa a gidan? Rauta ba ta ƙirƙirar sabis, abin da ta samu daga waje shi take rabawa. Ki ari wayoyi masu layi daban-daban, ki tsaya a tsakar gida, ki tsaya a ɗakin Muhsinat, ki duba sanduna. Na biyu, awa nawa kuke samun wuta a rana? Idan ana yawan ɗaukewa, sai in haɗo da ƙaramin batirin da zai riƙe ta. Sai kuma mutum nawa za su hau.

Akwai masu tsada da ake ce wa 5G, amma idan irin wannan sabis bai kai layinku ba, ado kawai za ki saya. Wadda nake tunani tana da hanya biyu, ɗaya mai sauri amma ba ta nisa, ɗaya mai ratsa bango amma a hankali. Waya da kanta take zaɓa.

Ni dai a ganina, Inna, rauta mai kyau ita ce wadda ta cika ɗakin Muhsinat, ko da ba ta leƙa ɗakin Gwaggo ba. Maganar Talata kuwa, wataƙila akwai abin da ba mu sani ba tukuna.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Taufiq


Bolori
11 ga Afrilu

Taufiq,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mura ba ta wuce haka kawai, ka sha citta da kanumfari, ka rage ruwan ƙanƙara.

Na yi aikin da ka sa ni. Bayan karatun Islamiyya na tara wayoyin mata huɗu a gyale na zo da su gida, na zagaya da su kamar mai turara ɗaki. Layin da ke wayar Muhsinat shi ne mafi rauni, abin da ya kashe mu ke nan. Irin wanda ke wayarka ta biyu shi ya fi, sanda huɗu a tsakar gida, uku a ɗaki. Wuta wata rana awa shida, wata rana ko ƙyalli babu, don haka ka haɗo da batirin. Mutane kuwa ni ce da Muhsinat. Amma ka sayo mai ɗaukar mutum talatin, ina da dalilina.

Yanzu sai maganar ƙarshen takardarka. Sau uku na karanta ta. "Wataƙila akwai abin da ba mu sani ba." Wato ni uwarka ban san abin da na gani da idona ba? Ko ƙarya nake yi wa Gwaggonka? Na san tun kana ƙarami take sayen ka da alewa da ɗinkin salla, amma ban zaci har ka girma kana tsotsar alewar ba. Ƙanwarka da kuka fito ciki ɗaya ta rasa shekara, kai kana nema wa wadda ta jawo uzuri. Ka ji tsoron Allah. Ranar da za a tsayar da mu, ba za a tambaye ka wa ya yi maka ɗinki ba, za a tambaye ka ina ka tsaya lokacin da aka cuci marainiya.

Ban tambaye ka wane ɗaki ya kamata ta cika ba. Na ce ta ratsa bango. Ka aiko da ita a tafiyar Umara mai zuwa.

Mahaifiyarka


Bolori
29 ga Afrilu

Taufiq,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru, ko da yake na san lafiyar ce, domin Umara ya ce ya gan ka a bakin shago kana cin gurasa. Kwana goma sha takwas ke nan. Sau huɗu yana dawowa daga Kano, sau huɗu ina aikawa tasha, babu kwali babu takarda. Gwiwar ta sake tashi, in kana son sani.

Jiya da safe muka haɗu da Gwaggonka a bakin famfo. Ban gaishe ta ba, ta gaishe ni, na amsa don sallama wajibi ce. Na ce mata har yanzu ina jiran gaskiyar Talata. Ta ɗauki bokitinta, ta yi murmushi, ta ce, "Yaya Turai, ni me na sani a na'ura? Ki tambayi mai sayar da wayoyinku na Kano, shi ya fi ni sanin yadda ake canja kalma."

Na tsaya a wurin har bokitina ya cika ya zube. Ni dai ba na yanke wa ɗana hukunci da bakin wata. To ga ni na tambaye ka. Me take nufi? Ka rubuto mini da hannunka, kada ka yi kwana.

Mahaifiyarka


Kano
2 ga Mayu

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ni lafiyata ƙalau, kunya ce ta hana ni rubutu. Sau biyar ina fara takarda ina yagawa.

Gaskiya ne, Inna. Ranar Talatar, wajen ƙarfe takwas, Gwaggo ta kira ni. Ta ce 'yan unguwa sun gano kalmar sirrinta suna shanye mata data, in koya mata yadda za ta canja. Na tsaya da ita a waya ina cewa danna nan, rubuta nan, har ta gama. Har cewa na yi kada ta ba kowa sabuwar. Na san Muhsinat tana da ganawa a makon, amma na ɗauka Laraba ce, kuma ban taɓa kawowa a raina cewa Muhsinat tana cikin "kowa" ba. Da takardarki ta farko ta zo na ga rana da lokaci, sai na gane da hannuna aka yi abin. Abin da na rubuta cewa akwai abin da ba mu sani ba, ba Gwaggo nake karewa ba. Kaina nake ɓoyewa. Ki yafe mini. Na kira Muhsinat na gaya mata, ta ce ba komai, amma yadda ta faɗe shi ya fi zagi zafi.

Ga rautar na ba Umara. Fara ce mai eriya huɗu, tana ɗaukar waya talatin da biyu, na sa mata sim na layin da kika ce. Baƙin akwatin da ke tare da ita batirinta ne, zai riƙe ta wajen awa shida idan an ɗauke wuta.

Ki sa ta a sama, a tsakiyar gida, inda iska ke shiga. Na san ki da adana abu mai daraja, don Allah kada ki sa ta cikin kabad ɗin kwanukanki, ƙarfe yana tare sabis. Kada a lulluɓe ta da mayafi don ƙura, zafi zai kashe ta. A nisanta ta da kaskon turare.

Na haɗo da wata takarda mai shafi biyu, na rubuta komai daki-daki da manyan baƙaƙe. Shafi na ɗaya yadda ake canja kalmar gida. Shafi na biyu yadda ake buɗe ƙofar baƙi, wato wata kalma dabam da ake ba baƙo, in ya tafi a rufe ta, ta gida tana nan yadda take.

Inna, yanzu Muhsinat tana da nata. Ina ganin wannan ya isa ramuwa.

Ɗanki mai neman gafara,
Taufiq


Bolori
14 ga Mayu

Taufiq,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. An yi ɗan yayyafi shekaranjiya, ƙasa ta yi ƙamshi.

Na karanta amsarka. Na yafe maka, domin kai wauta ka yi, ba mugunta ba. Amma ka riƙe wannan: duk wanda ya ce ka taya shi kulle ƙofa, ka fara tambaya wa ke waje. Laifin Gwaggonka kuwa yanzu ya zama biyu a wurina. Ta cuci 'yata, kuma da hannun ɗana ta cuce ta.

Rauta ta iso lafiya. Ban sa ta a kabad ba, ban lulluɓe ta ba. Na sa kafinta ya kafa mata katako a sama, amma ba a tsakiyar gida ba, a jikin bangon da ya raba mu. A ɗakin Muhsinat sanda uku take bayarwa, ya ishe ta, har ta fara duba takardun baɗi. A tsakar gidan Gwaggonka kuwa, wata maƙwabciya ta gwada mini, cike take taf. Sunan da muka sa mata Gidan Turai. Duk sanda ta ɗaga waya sai ta gan ni.

Ka ce ya isa ramuwa. Ni ban ce ina son ta ga sanduna kawai ba, na ce ina son ta faɗa. To Allah ya kawo hanya. Bikin Jannatu ranar ashirin da uku ga wata ne. Ubanta Abdulnasir, ka san yana ɗinki a Jidda, bai samu izinin zuwa ba. Burinsa ya ga ranar kaulu ta bidiyo, wato al'adar danginsa da manya ke shafa wa amarya madara da mai a tafin hannu da ƙafa suna sa mata albarka. Ana cikin haka 'yar rautar Gwaggonka mai kama da sabulu ta kumbura saboda zafi ta mutu, kamar yadda ka faɗa. Jiya ta aiko Jannatu da goro da alewa, wai ko za a taimaka musu da waifai ranar biki. Ita ba ta iya takowa ba.

Ba zan hana ba. Ni da nake karantar da mata haƙƙin maƙwabci ba zan hana maƙwabciya ba, balle in shiga tsakanin uba da ganin 'yarsa. Na ce wa Jannatu ranar ni da kaina zan kawo kalmar. Amma ni zan zaɓe ta, kuma na zaɓa. Ga ta yadda zan rubuta: NaZalunciMuhsinat. Duk mai son shiga Gidan Turai ta nan zai bi.

Maganar ƙofar baƙi ban gane kanta ba, na karanta shafin sau biyu. Gidana ƙofa ɗaya gare shi. Shafi na ɗaya zan bi, da safiyar ranar.

Kada ka gaya wa kowa. Ka riga ka ga abin da bakinka ya jawo.

Mahaifiyarka


Kano
21 ga Mayu

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Motar Umara ta kwana biyar a gareji, sai yau takardarki ta iso, ina rubutu a tsaye yana jira na. Na ɗauki waya sau biyu in kira ki, na tuna bango.

Don girman Allah, Inna, kada ki yi. Na san kin fi ni gaskiya, amma sunan Muhsinat ne a ciki, ba na Gwaggo ba. Gidan biki ne, mata daga Old Maiduguri har Konduga za su zo, kowa zai karanta, kowa zai tambayi wace ce Muhsinat, me aka yi mata. Kin tambaye ta ko tana so?

Idan kuma kin ƙi ji, to aƙalla ki bi shafi na biyu. In kika canja ta shafi na ɗaya, duk wayar da ke gidan za ta faɗo, sai an sake rubuta mata sabuwar kalmar.

Ki bari in zo bayan biki mu zauna da Gwaggo, ni zan fara faɗin nawa laifin a gabanta.

Ɗanki,
Taufiq


Bolori
31 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Taufiq,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an gama biki, an kai amarya. Gwiwa ta sha tsayuwa amma ta riƙe. Takardarka ta iso washegarin kaulu. Da ta zo da wuri ma ban ce zan ji ba, don haka kada ka ɗora wa Umara.

Da safiyar ranar na bi shafi na ɗaya layi-layi, ban nemi taimakon kowa ba. Na samu farin kwali na rubuta kalmar da manyan baƙaƙe. Bayan la'asar na ɗora shi a faranti tare da kwalbar turaren wuta mai kyau, don kada a ce na je hannu sake, na shiga sashen Gwaggonka. Tsakar gida cike da mata, an zaunar da Jannatu a sabuwar tabarma, ga ƙwaryar madara a gabanta. Na yi sallama, na miƙa turaren, na jingina kwalin a jikin bango na samu wuri na zauna.

Wata budurwa ce ta fara karantawa da ƙarfi, tana harhaɗawa. Ya Fanna, mahaifiyar Abdulnasir, tana zaune da wayarta a hannu, ita ce za ta kira ɗanta. Ta tambayi me aka rubuta, jikarta ta fassara mata da Kanuri. Yarinyar ta miƙa hannu za ta karɓi wayar ta shigar mata, tsohuwar ta janye. Ta ce da Hausarta, "Ni shekara tamanin, ban zalunci wannan yarinya ba. Ba a rubuta mini ƙarya a wayata. Wanda ya yi, shi ya rubuta." Ta ɗaga wayar sama tana duban mata ɗaya bayan ɗaya.

Wallahi Taufiq, wannan ban shirya shi ba. Ni na zaci kowa zai rubuta a yi gulma a watse. Babu wadda ta motsa. Madara tana jira, mutum yana jira a Jidda. Sai Gwaggonka ta taso ta durƙusa gaban surukarta ta karɓi wayar. Da hannunta mai sabon lalle ta fara rubutawa. Sau biyu ta kuskure wajen manyan baƙaƙe, a na uku ta shiga.

Da sauran mata suka ga abin da Ya Fanna ta yi, sai kowa ta ce ita ma ba ta zalunci kowa ba. Wata ma har da cewa, "Uwar amarya, ga tawa, hannunki ya riga ya saba." Aka jera mata wayoyi a cinya. Na ƙirga, goma sha tara. Ta rubuta duka, ba ta ɗaga kai ba. Rautarka kuwa ta ɗauke su ba gardama, wannan kam ka iya zaɓe. Abdulnasir ya fito a waya tar, ya ga ana shafa wa 'yarsa madara, ya fashe da kuka, bai san abin da aka yi kafin ya fito ba.

Da ta ajiye waya ta ƙarshe sai ta juyo gare ni. Ta ce, "Yaya Turai, na rubuta sau goma sha tara. Ga ta kuma da baki. Ni na canja, da gangan na yi, na san ranar ce. Na zalunce ta. Ya isa?" Na ce ya isa. Abin da na nema tun Afrilu na samu, a gaban shaidu, kuma ban hana maƙwabciya komai ba. Ban yi nadama ba, kada ka zaci wannan takarda ta nadama ce.

Sai dai da na waiga in ga fuskar Muhsinat, ba ta cikin ƙawayen amarya. Na same ta a ɗaki ta cire ankon. Na ce mata an karɓo miki haƙƙinki. Ta ce, "Inna, abin da Gwaggo ta yi mini a cikin ɗaki ta yi, mu kaɗai muka sani. Ke kin rubuta sunana a kwali." Na yi mata faɗan rashin godiya, ta saurara har na gama. Shekaranjiya ta je kasuwa awon hatsi, wasu 'yan mata suka nuna ta suna cewa ga kalmar sirri nan ta zo. Tun ranar kaulu ba ta haɗa kwamfutarta da rautar ba. Gidan ƙawarta take zuwa duba takardun baɗi, ta wuce ta ƙarƙashin katakon ko kallon sa ba ta yi.

Jiya Juma'a na ɗauki wayata zan saurari tafsiri kamar kowace Juma'a, ta ce ba ta san Gidan Turai ba. Sai a lokacin na tuna gargaɗinka. Na kira Muhsinat ta gyara mini. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Inna, ai kin san kalmar." Ta koma.

Na zauna da wayar a hannu har aka kusa rabin karatu. Na nemi takardarka mai shafi biyu in canja, ta ɓace cikin hidimar biki. Ka sake rubuto mini shafi na ɗaya ka ba Umara a tafiyarsa ta Litinin. Kada ka haɗo da wa'azi, wa'azi aikina ne.

Tafsirin dai na saurari ƙarshensa. Na sa tabarau na rubuta kalmar da hannuna. Gwaggonka sau biyu ta kuskure kafin ta shiga. Ni a karon farko ta buɗe mini.

Mahaifiyarka,
Hajiya Turai